Taɓa ƙwaƙwalwar mota: Shin da gaske yana ƙara wa inji ƙarfi, ko kuɗin masu motoci ne ke tafiya a banza?

Daga wakilinmu a Yamai

Shekarun baya, idan mota ta daina ja a birnin Yamai, abin da aka saba gani shi ne bakanike ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta da sifana, yaron gareji na miƙo masa kayan aiki. Yau an samu wani sabon salo. Matashi ne zai zo da kwamfuta a cikin jaka, ya buɗe ƙofar direba, ya laluba ƙarƙashin sitiyari ya jona wata waya, ya zauna yana danne-danne, hannunsa ko ɗigon baƙin mai babu. Bayan awa ɗaya ko biyu sai ya ce wa mai motar an gama, an ƙara mata dawaki.

Wannan aiki shi ne sake tsara ƙwaƙwalwar mota, wanda masu tallarsa a Facebook da TikTok ke kira "reprog" a taƙaice, daga Faransanci, wasu kuma su ce "sa wa mota cif". Alƙawuran da ke tare da shi masu daɗin ji ne: motar za ta ƙara gudu, za ta ƙara ja, kuma za ta rage shan mai.

Tambayar da ya kamata mai mota ya yi kafin ya miƙa makulli ita ce, nawa ne gaskiya a cikin waɗannan alƙawura? Tambaya ce mai nauyi, domin mota ta yi tsada. Tun bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Nijar da Benin, motocin da a da ke shigowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta Malanbil da Gaya sun koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo, ta fi kuma cin kuɗi. Wanda injinsa ya buga a yau, ba ƙaramar asara ya tafka ba, musamman idan motar ita ce abincin gidansa, ko kuma ɗan'uwa ne ya yi shekaru yana tara kuɗi a Faransa ko Amurka ya aiko da ita.

Amsar a taƙaice ita ce: eh, yana ƙara ƙarfi, amma ba ga kowace mota ba, ba kuma kyauta ba. Ga yawancin motocin da ke yawo a titunan Yamai, ƙarin bai taka kara ya karya ba.

Mece ce ƙwaƙwalwar mota?

Kowane injin mota na zamani yana da ƴar ƙaramar kwamfuta a cikin akwatin ƙarfe, wadda kanikawan Yamai ke kira kalkilatar, takwarorinsu na Kano kuma su ce birenbos. Aikinta shi ne ta riƙa karɓar bayanai daga na'urorin da ke jikin inji: yawan iskar da ta shiga, zafin ruwa, saurin juyawar inji, da yadda direba ya taka totur. Daga nan sai ta yanke shawarar yawan man da za a fesa, da lokacin da za a fesa shi, da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Tana yin wannan lissafi sau da dama a cikin kowace daƙiƙa.

Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Bosch na Jamus ya fitar da tsarinsa na Motronic tun a 1979, aka fara sa shi a motar BMW 732i. A wancan zamani, lissafin yana zaune ne a cikin wani ɗan guntun cif da ke jikin allon kwamfutar. Masu son ƙarin gudu sai su cire shi su dasa wani mai ɗauke da sabon lissafi. Daga nan sunan ya samo asali.

Yanzu ba sai an cire komai ba a yawancin motoci. Amurka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a ƙasar daga 1996 ta kasance da wata kafa mai haƙora 16 da ake kira OBD, Tarayyar Turai ta biyo baya ga motocin fetur a 2001, sannan na gazuwal bayan ƴan shekaru. Ta wannan kafa ce ake jona na'urar binciken cutar mota, ta nan ne kuma ake kwafe lissafin da kamfani ya rubuta, a gyara shi, a mayar.

Wane doki ake nufi?

Kafin a yi nisa, akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Idan ka duba katgiris ɗin motarka za ka ga an rubuta doki 7, ko 9, ko 11. Wannan ba ƙarfin inji ba ne, adadi ne na haraji, wanda hukuma ke amfani da shi wajen lissafin abin da za ka biya. Ƙarfin inji na ainihi wani abu ne daban. Ma'aunin ya samo asali ne daga James Watt, injiniyan Sikotland da ya kwatanta aikin injin tururi da na dawaki fiye da shekaru 200 da suka wuce. A ma'aunin da Faransa da Jamus ke amfani da shi, doki ɗaya ya kai kimanin wat 735. Don haka motar da katgiris ɗinta ya ce doki 9, injinta na iya zama mai doki 130.

Akwai kuma ƙarfin juyi, wato ƙarfin da inji ke murɗa taya da shi. Shi ne direba ke ji a jikinsa idan mota ta tashi da kaya, ko tana hawan tudu, ko tana fita daga rairayi. Yawancin masu cewa suna son ƙarin dawaki, a gaskiya wannan ƙarfin juyin suke nema.

Inda dabarar ke aiki

Inji ba ya ba da ƙarfi sai ya ƙona mai, mai kuma ba ya ƙonewa sai da iska. A injin fetur, kowane giram ɗaya na mai yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Ma'ana, idan kana son ƙarin ƙarfi, dole ka samu hanyar cusa ƙarin iska. A nan ne motoci suka kasu gida biyu.

Gida na farko su ne masu turbo. Turbo fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta danna iska cikin inji da ƙarfi. A motocin zamani ƙwaƙwalwar ce ke ƙayyade iyakar wannan dannawa. Idan aka gyara lissafi aka ce turbo ta ƙara matsa iska, aka kuma ƙara mai daidai da ita, ƙarfi zai ƙaru da gaske. A injinan turbo masu lafiya, na gazuwal ko na fetur, ƙarin da aka saba samu yana tsakanin kashi 10 zuwa 30 cikin 100. Inji mai doki 140 na iya kaiwa 170, kuma direba zai ji bambancin tun daga giya ta biyu.

Me ya sa kamfanin bai ba da wannan ƙarfi tun farko ba? Saboda yana ƙera inji ɗaya ne don ƙasashe da dama, masu sanyi da masu zafi, masu mai mai kyau da masu gurɓatacce, direbobi masu kula da juyen baƙin mai da masu mantawa. Dole ya bar rata domin injin ya daɗe, ya cika dokokin hayaƙi, kuma kada ya lalace a cikin wa'adin garanti. Akwai kuma dalilin kasuwa: kamfanoni kan sayar da inji iri ɗaya a matakan ƙarfi daban-daban da farashi daban-daban.

Su kansu kamfanonin sun tabbatar da cewa lissafi kaɗai na iya ƙara ƙarfi. A ƙarshen 2022, Mercedes ya sanar wa masu wasu motocinsa na lantarki a Amurka cewa idan suka biya dala 1,200 a shekara, za a buɗe musu ƙarin ƙarfin da tun farko yana cikin motar, ba tare da an taɓa ko ƙusa ɗaya ba.

Sai dai kada a ɗauka duk bambancin da ke tsakanin injina na lissafi ne kawai. Misali mafi kusa da mu shi ne Toyota Hilux. Injinta na gazuwal mai lita 2.5 an sayar da shi a doki 102, da 120, da 144. Amma mai 120 yana da na'urar sanyaya iskar turbo, mai 144 kuma turbonsa daban ne. Haka injin lita 2.8 da ya fito a 2015 da doki 177: lokacin da Toyota ya ɗaga shi zuwa 204 a 2020, sai da ya sauya turbo ya kuma inganta hanyar sanyaya injin. Kamfanin da ya ƙera motar da kansa bai yarda ya ƙara doki 27 da kwamfuta kaɗai ba.

Inda kuɗi ke tafiya a banza

Gida na biyu su ne motocin da ba su da turbo, waɗanda injinsu ke zuƙar iska da kansa. Tsaya a bakin gadar Kennedy da safe ka ƙirga motocin da ke tsallakawa daga Harobanda: tasi masu jan kai, Starlet da Corolla, Camry, RAV4, Highlander, da faba-faba. Mafi yawansu injin fetur ne marar turbo, ko tsohon injin gazuwal. Su ne kuma dabarar ba ta yi wa wani abin kirki.

Dalilin a fili yake. Inji mai lita 1.8 ba zai zuƙi iskar da ta wuce cikinsa ba, ko me aka rubuta a kwamfuta. Abin da mai gyara zai iya shi ne ya ɗan matso da lokacin ba da wuta, ya ɗan daidaita mai. Ƙarin da ake samu da wuya ya wuce kashi 5 cikin 100. A Corolla mai doki 130, wannan doki 6 ne ko ƙasa da haka, abin da kunna na'urar sanyaya ɗaki ko ɗaukar fasinja biyu zai shafe.

Akwai ma motocin da babu abin da za a gyara a cikinsu. Land Cruiser mai injin 1HZ, wadda ƙungiyoyin agaji da matafiya Agadez suka sani sarai, famfon manta na ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta ke sarrafa shi ba. Haka tsofaffin motoci masu kafireta. Duk wanda ya ce zai ƙara wa irin waɗannan ƙarfi da kwamfuta, neman kuɗinka kawai yake.

To me ya sa wasu ke rantsuwa cewa motarsu marar turbo ta canza bayan an taɓa ta? Sau da yawa abin da aka sauya shi ne yadda totur ke amsawa. A motocin da totur ɗinsu na lantarki ne, ana iya sa ƙwaƙwalwa ta ɗauki ɗan takun ƙafa a matsayin babban taku. Motar za ta riƙa zabura da wuri, direba ya ji kamar ta ƙara lafiya, amma idan ya take totur har ƙasa, ƙarfin da zai samu shi ne wanda yake da shi jiya.

Akwatunan yaudara

Mafi muni su ne ƙananan akwatunan roba masu launin rawaya, ja ko kore da ake sayarwa da araha a shagunan intanet, waɗanda ake cewa ka jona su a kafar OBD kawai, su kuma su koyi tuƙinka su ƙara maka ƙarfi ko su rage shan mai. Matafiya da ƴan ci-rani kan sayo su a matsayin tsaraba.

A 2017, masu bincike na Quarkslab, wani kamfanin tsaron kwamfuta da ke Faransa, sun sayi ɗaya daga cikinsu mai suna Nitro OBD2, suka farke shi suka bincika. Abin da suka gano shi ne na'urar ba ta aika wa ƙwaƙwalwar mota da wani saƙo ko ɗaya. Aikinta kawai shi ne ƴan fitilunta su riƙa ƙiftawa, domin mai mota ya ɗauka ana wani aiki. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Akwai wani nau'in akwatin da yake aiki da gaske a injinan gazuwal na zamani. Ana saka shi tsakanin ƙwaƙwalwa da na'urar auna matsin mai, ya riƙa yi mata ƙarya cewa matsin ya yi ƙasa, ita kuma ta ƙara. Ƙarfi yana ƙaruwa, amma famfo da injektoci suna aiki fiye da yadda aka tsara su. Haka kuma, tunda ƙwaƙwalwar ba ta san ainihin man da ake fesawa ba, adadin shan man da allon gaban direba ke nunawa sai ya zama na bogi. Direba ya ga lambar ta sauka ya yi murna, alhali tankinsa na ƙarewa kamar kullum ko fiye.

Zafi, ƙura da mai: lissafin Turai a titin Yamai

Ko ga motar da ke da turbo, akwai abin da tallace-tallacen ba sa faɗa. Yawancin sababbin lissafin da ake zuba wa motoci ba a nan aka rubuta su ba. Ana sauko da su ne daga intanet, ko a aika wa wani a Turai da kwafin na motar ya gyara ya dawo da shi. An tsara su ne don yanayi da man can.

A fara da zafi. Alƙaluman ƙarfin da kamfanoni ke bugawa ana daidaita su ne a kan zafin digiri 20 zuwa 25. A Yamai, watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, wani lokaci ya kai 45. Iska mai zafi ba ta da nauyi: a digiri 45, iskar da ke shiga inji ta ragu da kusan kashi 6 cikin 100 idan aka kwatanta da digiri 25. Lagireto ma yana shan wahalar fitar da zafi. Ratar da kamfani ya bari, wadda mai gyara ke cinyewa, ita ce ke kare injin a ranar da ka ɗauko kaya da fasinja ka kama hanyar Dosso da tsakar rana.

Sai ƙura. A lokacin hunturu matatar iska kan toshe da wuri, turbo ta riƙa wahala kafin ta samu iskar da aka umarce ta ta kawo. Idan mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan a injin gazuwal, sakamakon shi ne baƙin hayaƙi da matsanancin zafi a salansa, wanda ke iya ƙona turbo ko ya huda fiston.

Na uku shi ne mai. Fetur na yau da kullum a Turai yana da oktan 95, kuma yawancin lissafin ƙara ƙarfi ana rubuta su ne don 95 ko 98. Ma'aunin da aka saba da shi a Afirka ta Yamma bai kai haka ba, yana wajen 91. Idan oktan ya yi ƙasa aka kuma matso da wuta, man kan fashe kafin lokacinsa, abin da ake ji kamar ƙarar tsakuwa a cikin gwangwani. Ƙwaƙwalwa mai lafiya za ta ji wannan ƙara ta ja da baya, wato ƙarfin da ka biya kuɗi ya tafi. Idan kuma mai gyaran ya rage mata wannan kariya, injin ne zai biya.

Nijar tana tace manta tun daga Nuwamban 2011, lokacin da aka buɗe matatar SORAZ a yankin Damagaram, mai iya tace ganga 20,000 a rana, kamfanin SONIDEP kuma yana rarrabawa. Amma kowa ya san ba duk man da ke shiga tanki ne ke fitowa daga gidan mai ba. Man kwalba na bakin hanya ya daɗe yana cike giɓi, musamman a garuruwan da ke kusa da iyakar Najeriya, kuma ƙarancin fetur da aka yi a watan Maris na 2025 ya nuna cewa ranar da layi ya yi tsawo, direba ba ya tambayar asalin abin da aka zuba masa. Injin da aka matse har iyakarsa ba ya yafe irin wannan.

Kada a manta da shekarun motocin. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a Oktoban 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Motar da ta riga ta ci kilomita 200,000 kafin ta iso Yamai, kulocinta da akwatin giyarta da gaskit ɗinta duk sun gaji. Ƙarin ƙarfin juyi yana sauka ne a kansu kai tsaye, kuma galibi kuloci ne ke fara sulɓi.

Batun rage shan mai

Wannan ne alƙawarin da ya fi jan hankalin masu haya. A watan Yulin 2024 gwamnati ta rage farashi, litar fetur ta koma sefa 499 daga 540, ta gazuwal kuma 618 daga 668, amma har yanzu mai ne ke cinye mafi yawan abin da direba ya samu a yini.

Gaskiyar ita ce, a injin gazuwal mai turbo ana iya samun ɗan sauƙi, idan ƙarin ƙarfin juyi ya sa direba ya riƙa shiga babbar giya da wuri, kuma bai canza salon tuƙinsa ba. Amma ƙarfi daga mai yake fitowa. Duk lokacin da ka yi amfani da sababbin dawakin, sai ka ciyar da su. Wanda ya biya kuɗi don motarsa ta ƙara gudu kuwa, da wuya ya ƙi taka ta.

Hayaƙin da muke shaƙa

Wani ɓangare na wannan sana'a ba shi da alaƙa da gudu. Motocin gazuwal na Turai suna zuwa da matatar hayaƙi, da bawul mai mayar da wani sashe na hayaƙi cikin inji, sababbi kuma da tankin ruwan AdBlue. An ƙera waɗannan ne don gazuwal mai sulfa kashi 10 cikin miliyan, wanda shi ne ma'aunin Turai. A 2016, ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta gwada man gidajen mai a ƙasashen Afirka takwas, ta samu gazuwal mai sulfa 3,780 a Mali, wato sau 378 na ma'aunin Turai. Da mai irin wannan, da gajerun tafiye-tafiye na cikin gari, matatar kan toshe, motar ta ƙi gudu. Sabuwa tana da tsada, don haka sai a fasa ta a cire, a kuma goge ta daga ƙwaƙwalwa domin fitilar gargaɗi ta mutu.

Mai mota zai ga ta dawo da ƙarfinta, ya ce gyaran ya yi. Amma abin da matatar ke tarewa yanzu yana fita kai tsaye zuwa hancin mai babur da ke bayansa, da mai tallar ƙosai a bakin titi, da yaran makaranta. Tun watan Yunin 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin gazuwal a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji.

Duniya ta ga irin ƙarfin da lissafin ƙwaƙwalwa ke da shi a kan hayaƙi a watan Satumban 2015, lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa Volkswagen ya saka wa motocinsa lissafin da ke gane lokacin gwaji ya rage hayaƙi, a kan titi kuma ya saki har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin ya amsa cewa motoci kimanin miliyan 11 abin ya shafa.

Ga ƴan'uwa mazauna waje

Masu karatu da ke zaune a Turai da Amurka suna da ƙarin abin lura, wato doka. A Faransa, sauya ƙarfin inji sauyi ne da dole a sanar da hukuma a sake tantance motar, kuma idan aka yi haɗari aka gano an taɓa ta ba a faɗa ba, kamfanin inshora na iya ƙin biya. A Jamus, idan ba a kai motar an duba an rubuta sauyin a takardunta ba, izinin hawanta titi ya faɗi. A Ingila ma dole a gaya wa kamfanin inshora. A Amurka, cire na'urorin tace hayaƙi laifi ne, kuma a 2016 kamfanin babura na Harley-Davidson ya amince ya biya tarar dala miliyan 12 saboda sayar da na'urorin gyaran lissafi kimanin 340,000 da ke ƙara hayaƙi. Garanti ma yana tafiya: na'urorin dillalan Volkswagen da Audi suna gane motar da aka taɓa, su yi mata alama.

Wanda kuma zai sayi mota a can ya aiko gida, ya dace ya tambaya ko an taɓa ƙwaƙwalwarta. Motar da aka tsara don fetur mai oktan 98 da sanyin Beljiyam ba alheri ba ce ga ƙanin da zai yi haya da ita tsakanin Yamai da Maraɗi.

Idan har sai ka yi

Matakin farko shi ne ka tabbatar motar tana ba da ƙarfin da aka ƙera ta da shi. Tsofaffin motoci da yawa sun zubar da dawakinsu ne saboda matatar iska da ta toshe, fulogi da suka cinye, injektoci masu datti, na'urar auna iska da ƙura ta rufe, ko tayoyi marasa isasshiyar iska. Gyara waɗannan ya fi araha, kuma ga mota marar turbo, abin da zai dawo da shi ya fi abin da kwamfuta za ta ƙara.

Idan motarka mai turbo ce, lafiyarta ƙalau, kuma ka yanke shawarar yi, ka nemi a adana maka kwafin lissafin asali kafin a taɓa komai, a ba ka shi a hannu. Ka tambayi wa ya rubuta sabon, kuma don wane irin mai. Ka zaɓi ƙari matsakaici, ka guji mai yi maka alƙawarin kashi 40 ko 50. Hanyar da ake tabbatar da ƙarfin inji ita ce a ɗora motar a kan na'urar gwaji mai naɗi, kafin aiki da bayansa. Garejin da ba shi da ita, duk lambar da ya faɗa maka ƙiyasi ne. Shan mai kuma ka auna shi da kanka: ka cika tanki, ka rubuta kilomita, ka sake cikawa ka raba. Bayan an yi aikin, ka riƙa juye baƙin mai da wuri, idonka kuma na kan allurar zafi.

Abu na ƙarshe shi ne birki. Kwamfuta na ƙara wa inji ƙarfi, amma birki da taya suna nan yadda suke. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya tana ninkawa sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗuran mota duk shekara, Afirka ce ke kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a, kuma duk ƙarin kashi 1 cikin 100 na matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4. A kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta ratsa Yamai ta bi Dosso da Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, motoci na raba kwalta da amalanken jakuna, da garken shanu, da manyan motocin da suka lalace ba alama. Wanda ya samu ƙarin doki 30 a ƙarƙashin ƙafarsa, ya fara duba tayoyinsa da birkinsa kafin ya kama wannan hanya.